Mai Kwat Ya Daina Zuwa

Injiniya bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba, amma haka duk layin ke kiransa, shi kuma yana amsawa ba tare da jin nauyi ba. Sana'arsa gyaran talabijin. Shagonsa wani ɗan lungu ne tsakanin mai aski da mai facin taya, an jibge shi da matattun talabijin tun daga ƙasa har rufi, na mutanen da suka ce za su dawo gobe da safe, kuma ga alama garin bai waye musu ba har yanzu. A kan teburinsa akwai sukudireba kala-kala, da ƙarfen narka dalma, da mitar gwada wuta, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshin da kan ragu bayan an gama ɗaure abu. Sai kuma madubi. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka Injiniya ɗan gayu ne. Ina! Mai gyara a bayan talabijin yake zama, hannunsa cikin hanjinta, hoton kuwa yana can gaba. Shi ya sa ake jingina madubi a gabanta, mutum yana taɓa waya yana ganin abin da ya canza. Duk kallon da Injiniya ya yi a duniya ta nan ya yi shi, a juye, kuma da hoto ya daidaita sai ya kashe ya ɗaure murfi.

Halinsa ɗaya ne, kowa ya san shi da shi: idan ya riƙe magana, to ya riƙe ke nan. A coci shi ke kula da lasifika. An taɓa ce masa ya riƙa rage ƙarar mawaƙa idan Fasto zai yi magana, tun daga ranar ko tari Fasto ya yi sai mawaƙa su ji an ɗauke musu murya. Ba mugu ba ne, ba shi da ha'inci, bai iya ƙarya ba ko ta wasa. Shi dai idan aka ce a ɗaure kusa, sai ya ɗaure har roba ta tsage.

A gida akwai matarsa, Malama, mai koyarwa a firamare, da 'ya'yansu mata biyu. Babbar ana ce mata Lauya saboda ba a gama magana da ita, ƙaramar kuma Auta. Sai mahaifiyarsa, wadda shi yake kira Inna, sauran gidan kuma Kaka. Ita ce ta kama shi a wuyan hannu tun yana yaro, bayan ya kwance rediyon maƙwabta ya kasa mayarwa, ta kai shi wurin wani mai gyara ta ce, "Ga shi nan, tunda ɓarna yake so, ku koya masa ta mai amfani." Da ya gama koyo ya samu 'yanci, abin da ya fara yi shi ne ya harhaɗa mata talabijin daga gawarwakin da ke shago. Da tsufa ya zo mata da mantuwa, ta fara zuba gishiri a shayi tana tambayar mijinta da ya daɗe a ƙasa, sai ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa. Ya ba ta ɗakin da ya fi iska, ya sa mata kujera mai hannu, ya ajiye mata talabijin mafi kyau a kan wani ɗan gajeren tebur daidai gabanta. Kullum da safe kafin ya fita yakan leƙa, ya duba waya, ya ce, "Inna, hoto ya fito?" Ta ce ya fito. Wata rana ta gane shi, wata rana kuma ta tambayi Malama ko mai shuɗiyar rigar nan ma'aikacin wuta ne. Shi dai a ransa ya san ya sauke haƙƙin uwa, don hoton Inna bai taɓa rawa ba.

Wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan surutu. Ya ce mutum ya tashi da waya, ya ci abinci da talabijin, ya kwanta da rediyo, sa'an nan ya ce Allah ba ya yi masa magana. Ya ce duk mai iyawa ya gwada azumin kallo zuwa ƙarshen wata, ya ajiye fim da wasanni da kaɗe-kaɗe, ya ga abin da zai ji a cikin shirun. Jama'a suka gyaɗa kai irin gyaɗawar da aka saba, wadda ba ta bin mutum gida. Injiniya kuwa ya miƙe daga bayan injin lasifika, ya ɗaga hannu.

"Fasto, gidana kaf mun ɗauka."

Aka yi tafi. Malama ta juyo daga layin mata ta dube shi, Lauya ta dafe kai. Ba wanda ya tambaye su, amma an riga an yi tafi.

Da suka koma gida ko takalmi bai cire ba ya fara aiki. Ya kwance talabijin ta falo, ya naɗe wayoyi tsaf, ya karɓe rimot ya cire batir. Ya bi wayoyin hannu ɗaya bayan ɗaya ya share duk abin da ke waƙa ko motsi. Ya shiga ɗakin Inna tana gyangyaɗi, ya ɗauke tata a hankali don kada ta farka, ya bar ɗan teburin da alamar ƙura mai kusurwa huɗu. Duka ya kai su shago ya juya fuskarsu bango.

"Baba, ina da tambaya," in ji Lauya. "Hasashen yanayi nishaɗi ne?"

"Ki leƙa taga."

"To idan maƙwabta suka kunna tasu, sauti ya ratso bango ya same ni ina zaune ban nema ba, azumin wa ya karye?"

Injiniya ya yi nazari, don tambayar ta shige shi. Can ya ce, "Ji ba laifi ba ne. Amma idan kika bi labarin har kika yi dariya, ya karye."

"Idan murmushi ne fa?"

"Ke, tashi ki ɗora ruwa," in ji Malama.

A shago ma abin ya zo da nasa rikicin, don mai azumin kallo ne ke gyaran abin kallo. Injiniya ya warware wannan cikin sauƙi: ya kifa madubin. Idan ya gama taɓa abin da zai taɓa, sai ya zaunar da mai kaya a gaba, shi yana baya, ya kunna.

"Me ka gani?"

"Wani mutum ne yana gudu," in ji wani direban tasi da ya kawo tasa.

"Ban tambaye ka labari ba. Fuskarsa ja ce ko kore?"

"Kore-kore."

"Yanzu fa?"

"Ta dawo ta mutane. Kai, Injiniya, ashe matarsa ce ke binsa da..."

"Malam, launi kawai!"

Mai aski ya ce wannan sabon salo ne, a biya ka kuma a yi maka rabin aikin. Injiniya ko a jikinsa.

A faɗi gaskiya, azumin ya yi wa gidan amfani. Falo ya yi faɗi. Bayan cin abinci sukan zauna su karanta Maganar Allah, su yi waƙar yabo, kowa ya kawo abin da za a yi wa addu'a. Aka gano Auta tana da murya. Aka gano Lauya ta daɗe tana rigima da wata ƙawarta, abin yana cin ta, ba ta samu inda za ta faɗa ba. Injiniya da kansa ya ji addu'arsa ta daina zama kamar karanta lambar mita. Ya ji daɗi ƙwarai, har yana tafiya shago yana waƙa ƙasa-ƙasa, bayan ya tabbatar wa kansa cewa waƙar yabo ba ta cikin abin da aka hana.

Abin da bai sani ba, domin a wannan lokacin kullum yana shago, shi ne Inna tana da baƙo. Akwai wani shiri da ake yi da yamma, inda wani mutum mai kwat da tabarau yakan zauna a kujera ya karanta gaisuwar mutane, ya sa tsofaffin waƙoƙi, ya yi 'yan barkwancinsa marasa gishiri. Yakan fara da kallon mutum ido cikin ido ya ce barka da yamma, da fatan an wuni lafiya. Inna kuwa sai ta amsa. A wurinta ba hoto ba ne, mutum ne mai ladabi da ke zuwa gaishe ta kullum, ta sa masa suna Mai Kwat. Kafin lokacinsa takan sa a ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau, a ajiye kofin ruwa a gefen tebur. Malama ta daɗe da gane cewa a nan ne kawai abinci ke shiga. Sai ta kawo faranti daidai shigowarsa, Inna ta ce masa, "Matso mu ci." Shi ya ci gaba da zubarsa, ita kuma ta ce, "To, tunda ka ƙoshi," ta cinye tas. Da safe shayi ne kurum, da rana ta ɗan tsakura. Abincin yamman nan shi ke riƙe da ita.

Ranar farko ta azumi aka ɗaura ɗankwali, aka ajiye ruwa, aka kawo faranti. Inna ta dubi ɗan teburin ta ce a rufe abincin, baƙo bai iso ba. Ta jira har duhu ya shiga. Washegari ma haka. Da suka fara waƙa a falo ta aiko Auta ta ce don Allah su sassauta, kada ya yi sallama ba ta ji ba.

Malama ta yi lallashi, ta yi dabara, ta ce ya aiko cewa a ci kada a jira shi. Inna ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar fara ci kafin baƙo ba. Da abin ya ƙi, Malama ta tare mijinta a kicin yana wanke hannu.

"Baban yara, ka mayar wa Mama da talabijin ɗinta."

"Na ce gidana kaf."

"Kai ka ce. Ita ta ce? Matar da ba ta san yau wace rana ba ce, ita za ka ɗora wa azumi? Ba ta cin abinci."

Ta kwashe labarin Mai Kwat ta faɗa masa. Injiniya ya saurara har ƙarshe, yana goge hannu da tsumma, sa'an nan ya ce ai wannan ma ya nuna irin kamun da abin ya yi wa gidan, har tsohuwa ta ɗauki akwati a matsayin mutum. Ya ce duk azumi farkonsa da wuya, gwaji ne, za ta saba.

"Gwajin naka ne, yunwar tata," in ji Malama, ta ajiye ludayi da ƙarfi ta fita.

Maganar ta dame shi, amma ya yi alkawari a gaban jama'a, kuma an yi tafi. Sai ya ce bari shi ya gwada. Ya dawo da wuri, da shuɗiyar rigarsa ta aiki, ya karɓi farantin ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta.

"Inna, ki ci abinci."

"To."

"Yanzu fa."

"To, ɗan nan. Ajiye."

Ya ajiye, ya duba soket ɗin da babu komai a jikinsa don hannunsa ya saba, ya fita. Da ya dawo farantin yana nan yadda yake, an rufe shi da wani farantin. Ya ƙara tsawon addu'ar dare, ya sa sunanta a farko. Haka aka yi ta yi, shi yana addu'a, ita tana jira, kwanaki suna tafiya.

Tsoho ba shi da ajiyar jiki. Nan da nan wuyan Inna ya fito, zoben da ya shekara bai motsa ba ya fara zamewa, Malama ta cire ta adana. Ta daina tambayar mijinta, ta daina faɗa da Auta a kan tsintsiya, magana ta ragu sai guda ɗaya: ko wani ya ga Mai Kwat a hanya? Ko rashin lafiya yake yi? Ko ita ta faɗi wani abin da ya ɓata masa rai? Wata safiya Injiniya ya zo taimaka wa Malama su tashe ta zuwa wanka, ya sa hannu ƙarƙashin hammatarta ya ɗaga da ƙarfin da ya saba, sai ya ji ta taho kamar an ɗaga kwandon wanki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ranar ya ƙona yatsa da dalma, abin da ya manta rabonsa da yi.

Amma Injiniya ba ya kwance abin da bai san yadda aka ɗaura ba. A gaban Fasto ya yi alkawari, wurin Fasto zai je. Da la'asar ya rufe shago, ya koma gida ya yi wanka, ya ciro kwat ɗinsa ta ɗaurin aure da ke warin kafur, don shi ba ya shiga ofishin Fasto da rigar aiki. Ya sa tabaransa na karatu ko za a buɗe Littafi.

Fasto yana cin ayaba ya shigo. Ya saurari bayanin duka, ɓawon na hannunsa, bai ajiye ba.

"Tsaya, Injiniya. Ni na ce a kashe wa tsohuwa talabijin?"

"Kun ce a yi azumin kallo."

"Na ce mai iyawa. Na ce kowa ya duba zuciyarsa."

"Na duba, Fasto. Har tata na duba."

Fasto ya rufe ido na ɗan lokaci. Mutum ne mai haƙuri, amma an ga leɓensa yana motsi. Da ya buɗe ya ce, "Tashi ka je ka kunna mata. Yanzu. Kada ka tsaya gaisawa da kowa a hanya."

"To alkawarin fa?"

"Alkawarin naka yana nan, ka ci gaba da abinka. Ita ka sake ta."

Ya bi ta shago ya ɗauko talabijin ɗin Inna, ya rungumo ta a ƙirji da kwat ɗinsa da komai, mai aski yana tambaya ko biki za a kai ta. Ya iso gida yana haki, rana ta yi sanyi, daidai lokacin da ake ɗaura ɗankwali. Ya jingine talabijin a barandar ciki, ya shiga ɗakin da waya a hannu don ya fara haɗa soket. Soket ɗin yana ƙasa bayan ɗan teburin. Gwiwarsa ba ta son tsuguno yanzu, sai ya zauna a kan teburin, ya sunkuya ya cusa wayar, ya ɗago ya juyo yana gyara tabarau.

"A'a! Lale, lale! Ashe kana raye?"

Inna ce. Ta miƙe zaune a kujerarta, ɗankwali a karkace, idonta a kansa tar. Ya manta rabon da ta dube shi haka, ko da yake in za a bi gaskiya, shi ma ya manta rabon da ya zauna a inda za ta iya ganinsa. Ya buɗe baki zai ce, Inna, ni ne. Sai ya hango Malama a bakin ƙofa da faranti, ta zaro masa ido irin wanda take yi wa 'yan aji idan mai duba makarantu ya shigo. Ya haɗiye maganar.

"Barka da yamma, Mama," ya ce. "An wuni lafiya?"

"Ban amsa ba. Mutum ya saba zuwa gidan mutane kullum, sai ya ɗauke ƙafa ba sallama ba aike? Laifin me na yi maka?"

"Ba ki yi laifin komai ba."

"To me ya riƙe ka?"

Injiniya bai iya ƙarya ba, ko a kan teburin talabijin. Ya ce, "Taurin kai ne, Mama."

"Na ga alama. Har ka rame. Ke, kawo abincin nan, kin tsaya kina kallon mutane."

Malama ta ajiye farantin a kan kujerar roba tsakaninsu, ta koma bakin ƙofa. Lauya da Auta suka leƙo ta bayanta, aka rasa mai tambaya ko ɗaya. Inna ta tura masa kofin ruwa, ta ce, "Matso mu ci," da muryar wadda ta san amsar da za a ba ta. Injiniya ya sha ruwan, ya ɗauki cokali ya ɗebi shinkafa ya kai baki.

Inna ta saki baki. "Ikon Allah. Yau ka ci!" Ta juya wajen ƙofa. "Kun gani? Ai na ce muku kunya ce." Ta ja farantin gabanta kaɗan, don karamci ma yana da iyaka, ta fara ci. Shinkafa tana zuba a cinyarta, amma tana ci. Injiniya ya riƙe cokali yana bin kowace loma da ido har ta wuce.

"Yau kuma ka yi hankali," ta ce da abinci a baki. "Da can kai kaɗai kake ta zuba, ba ka barin mutum ya sa baki. In ce maka ƙafata na ciwo, sai ka sa waƙa."

"Wace ƙafar ce?"

"Wannan. Tun bara."

Bai sani ba. Ya dubi ƙafar, ya ga ta kumbura a idon sawu, kunya ta rufe shi.

Daga nan ta ɓalle da hira. Ta ba shi labarin wata akuya da ta taɓa yi mai cin sabulu, da yadda mijinta ya zo neman aurenta da takalmin aro da ya matse shi har ya koma gida yana riƙe da shi a hannu. Wasu labaran ta fara su daga tsakiya, wasu ta maimaita, wani ta bar shi a hanya ta kama wani. Injiniya bai taɓa jin ko ɗaya ba. Ya yi dariya a wurin takalmin, ya tsaya cak yana tunanin ko azuminsa ya karye, sa'an nan ya ƙyale.

"Ka san ɗana?" ta ce. "Ba ka san shi ba, in ka zo ba ya nan. Mai gyara ne. Duk abin da ya mutu in ya taɓa sai ya tashi. Yaron kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba." Ta tauna a hankali. "Sai dai aiki ya yi masa yawa. Da safe ya leƙo, ya ce, Inna, hoto ya fito? In ce ya fito. Ni ban san wane hoto yake nufi ba. Na dai ga yana jin daɗi in na ce ya fito, shi ya sa nake faɗa."

Malama ta juya ta kori yaran, ita ma ta bi su. Injiniya ya cire tabarau zai goge, ya tuna, ya mayar da sauri.

"Ba ya zama ne?" ya ce.

"Ina ya ga lokaci? Ni ma ba na son in riƙe shi, mai iyali ne. Wani lokaci nakan so in ce, zauna mana in gan ka. Kafin in haɗa maganar ya kai ƙofa." Ta ɗaga kafaɗa. "Kada ka je ka faɗa masa, zai damu. Shi abu kaɗan ne ke damunsa, tun yana ƙarami."

Ta cinye shinkafar, ta sha ruwa a kofin baƙon. Saura dafaffen ƙwai guda a gefen faranti. Ta dube shi, ta lalubo hankicinta daga ƙarƙashin matashi, ta naɗe ƙwan a ciki da kyau, ta ƙulle bakin da yatsun da ba sa jin magana. Ta miƙo masa.

"Ungo. Kai da kake yawo ko'ina, ka bi ta shagonsa ka ba shi. In aiki ya kama shi mantawa yake da ciki. Kada ka ce ni na aiko."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce zai kai. Ya yi mata sai da safe, ta ce ya gaida gida, ya kula da hanya.

Ya fito ya wuce talabijin ɗin a baranda, ya wuce kicin, ya fita ta ƙofar baya ya zauna a kan dakali kusa da igiyar shanya. Ya daɗe yana kwance ƙullin, don ta ɗaure shi tam. Ƙwan yana da ɗumi har yanzu. Ya gutsura, sai kuka ya zo masa, na gaske, mai girgiza kafaɗa, ga kwat ga tabarau ga ƙwai a baki. Baƙin ciki yake ji da daɗi a haɗe, ya rasa wanda ya fi yawa. Ya ci gaba da ci yana kuka, don an ce a ba shi kuma an ba shi.

Malama ta leƙo ta tagar kicin, ta yi kamar ba ta ga fuskarsa ba.

"Baban yara, tana tambaya. Wai mutumin ya ce zai dawo gobe, ko sai an sake nemansa?"

Injiniya ya haɗiye, ya share baki da hankicin.

"Ki ce mata zai zo. Ki ce da wuri zai zo."